Ɗinkin Kakar Saude

Ranar da wa'adin aikin Saude ya ƙare a kamfanin ɗinkin huluna na Funtuwa, ba wanda ya yi mata zancen sabuntawa. Ɗakin mayar da sana'a kawai aka nuna mata. Doka ce yanzu: abin da hannunka ya iya a wurin aiki na kamfani ne, in za ka tafi sai ka ajiye musu abinsu.

"Sa hannuwanki cikin akwatin nan, Inna," in ji Lawwali, ma'aikacin ɗakin.

"Ɗan nan, ni da ɗinkina na zo. A gaban kakata na koya. Nasu kaɗai za ka cire."

"Na'urar ba ta rarrabewa, Inna. Amma kina da haƙƙin kai ƙara."

"In na yi nasara za a maido min?"

Lawwali ya turo mata akwatin kawai.

Da ta sa hannuwanta ciki, ba ta ji zafi ba, sanyi ne kawai ya ratsa yatsunta. Da ta fito, ta zaro allurar da ke maƙale a mayafinta, ta jujjuya ta, ta rasa yadda ake riƙe ta.

A kan tsohuwar kujerarta ta tarar da sabuwar ma'aikaciya. Matar ta lashi zare, ta murza shi a gwiwa, ta datse bakinsa da haƙorin gefe, sak yadda kakar Saude take yi.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa, Inna. Ɗazu aka zuba min. Aro ne, kafin wa'adina ya cika."