Babban Abokin Baas Dewald

Takardar sammacin ta kwana goma sha ɗaya a kan teburin Dewald Labuschagne, kuma aikinta ɗaya ne a duk kwanakin: a ɗora mata kofin shayi. Sakatariyarsa ce ta gaya masa rana da lokaci. Shi ko buɗe ta bai yi ba. Me zai karanta? Jonas ne ya kai ƙara. Jonas fa!

Shekarar Jonas ashirin da shida yana zuba kwalta a kamfanin, tun zamanin tsohon Labuschagne, uban Dewald, wanda ya raɗa masa wannan suna ranar da ya ɗauke shi aiki, wai sunayen 'yan ƙabilar Basotho suna karya masa harshe. Tsohon nan makiri ne na ƙin ƙarawa. Da zamani ya juya, gwamnati ta fara fifita kamfanonin da baƙar fata ke da hannun jari a ciki, sa'o'insa suka yi ta tsine-tsine a mashaya, shi kuwa bai taɓa rasa kwangilar titin da zai yi a garin Bloemfontein ba. Har inshora ya ce zai yi wa leburorinsa, ya karɓi katin shaidarsu, suka sa hannu inda ya nuna. Inshorar dai har ya mutu ba a ga ƙeyarta ba.

Dewald ya gaji kamfanin, ya gaji tumbin, wayon ne kawai aka binne da tsoho.

Samari huɗu farar fata Jonas ya koya wa aiki, tun daga riƙon shebur har gane zafin kwalta da ido. Duk huɗun suka zama foman a kansa. Na biyar ƙanen matar Dewald ne, wanda a makonsa na farko ya afka da injin daddale titi cikin kwata. Shi ma aka ba shi foman. Ranar ce Jonas ya cire hula, ya shiga ofishin Baas, wato maigida, ya tambayi dalili.

"Aikin foman na masu kai ne, Jonas," in ji Dewald. "Ku hannu Allah ya ba ku, ku gode."

"To, Baas. Hannun ne dai ya ciro surukinka daga kwata."

Washegari aka kore shi, wai rashin ladabi. Mutum mai shekara hamsin da takwas, da jikoki uku suna cin tuwon masara a gidansa, wa zai ɗauke shi? Abin ya ƙona masa rai ƙwarai, ya kwana biyu bai iya cin abinci ba. A na uku ya tafi hukumar sasanta rikicin ma'aikata ya cike takarda da hannunsa. Bai nemi a ba shi haƙuri ba. Aikinsa yake so.

Ranar zama ya zo cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya zauna yana juya hula a gwiwa. Kwamishinar hukumar, Mme Sebolai, wato Madam Sebolai, mace ce mai tabarau da ƙarancin magana. Ta saurare shi minti goma, sannan ta dubi Dewald.

Dewald ya miƙe kamar mai karɓar kyauta. Ya zaro takardar shaidar mallakar kamfani, wadda ya ciro daga bangon ofis da firam ɗinta da komai, ya dangwarar a tebur.

"Wariyar launi? Ni? Mme, kashi hamsin da ɗaya na kamfanin nan na baƙar fata ne. Ga sunansa nan. Mista Mo... Moeke... Moeketsi Ramabele."

Maganar gaskiya, Dewald bai taɓa sa wannan mutum a ido ba. Ubansa ya ce masa kada ya taɓa takardar, mai sunan ba ya da fitina. Shi ya ɗauka wani ɗan siyasa ne can Johannesburg da ya ba da aron suna. Amma bakin da ya saba ba a katse shi, ina zai tsaya?

Hular da ke gwiwar Jonas ta daina juyawa.

"Kun san juna sosai?" in ji kwamishina.

"Haba! Wa da ƙane. Duk Asabar tare muke gasa nama a gidana. Mutum ne mai ilimi, ba irin waɗannan ba."

"Ya san da korar nan?"

"Shi ya ce a yi! Ya ce irin su Jonas ne ke zubar wa baƙar fata mutunci."

"Wato yana da ikon kora da ɗauka."

"Mai kaso mafi tsoka ai shi ne maigida, Mme. Ni kaina yaronsa ne. In ya ce in kwashe kayana yau, kafin la'asar na bar ofis."

"In rubuta haka?"

"Rubuta, ki ja layi a ƙasa."

Ta rubuta, ta ja layin. Dewald ya koma kujera yana huci, ya harɗe ƙafa, har ya fara tunanin inda zai ci abincin rana. Kai, jama'a, wani mutum in ya tashi ɗebo ruwan dafa kansa, har itacen shi yake kawowa.

Mme Sebolai ta jawo firam ɗin gabanta. Ta buɗe fayil ɗinta, ta ajiye takardar da Jonas ya cike kusa da shi, ta bi lambobin katin shaidar da ke jikin kowace da bakin biro ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, ba ta gaggawa. Ta cire tabarau ta goge. Sannan ta juya ga tsohon da ke riƙe da hula, ta kira shi Ntate, wato baba a harshen Basotho.

"Ntate Ramabele, tunda an ce kai ka kori kanka, za ka fara mayar da kanka bakin aiki ne, ko sai ka sallami wannan yaron naka tukuna?"