Gangar Kabejin Velichka

Donka ta toshe hanci, ta ɗaga kofin ta shanye. Ruwan kabeji ne mai tsami da yauƙi, da wani farin kumfa a samansa, ga wari kamar kwata. Kwana arba'in ke nan tana shan wannan ƙazanta kafin karin kumallo.

Likita ne ya tsaya kai da fata: in ba ta rage kilo goma sha biyu kafin watan Maris ba, ba zai yi mata aikin gwiwa ba. Ita kuwa a hawa na biyar take, kowace matakala sai ta ciji leɓe.

Maganin kuma a ɗakin ajiya na ƙasan benensu yake. Duk matan gidan sun ga yadda maƙwabciyarsu Velichka, wadda a da ƙofa ke yi mata kaɗan, ta zube cikin wata huɗu. Sun kuma ga kullum da safe tana sauka wurin gangar da take tsima kabeji a ruwan gishiri. Me ya rage a tambaya? Suka yi layi da kwalabe.

Velichka ba ta hana kowa. Sai ta zura tiyo har gindin ganga, ta sa baki ta hura yadda kowa ke yi don kada ruwan ya lalace, ya yi ta ɓulɓulowa. Ta tsaya ta yi tari, ta goge baki da hankici, ta sake hurawa.

"Yaya Velichka, kofi nawa ake sha?" in ji Donka.

"Oho, ɗibi kawai, ƙanwata. Sanyin ɗakin nan ya ishe ni."

Donka ta dubi kumatun nan da suka lotsa, hassada ta cika ta. Ita ko giram ɗaya bai sauka ba. Gishiri ya kumbura mata ƙafafu, ciki kullum yana kuka, mijinta har ya koma kwana a falo. Amma matan suka ce ai dattin jiki ne ke fita, ta ƙara kofi. Ta ƙara.

Ranar Talata ta sauko da kwalbarta, tana dafa bango. Ba Velichka. Kircho ne, ɗan Velichka, da takunkumi a fuska, yana tuttular da gangar a magudana.

"Kai, Kircho, ka haukace? Maganin uwarka ne! Shi ya ramar da ita!"

Ya dubi kwalbar, ya dube ta.

"Inna Donka, don ni take haɗa shi. Ita ko ɗanɗanawa ba ta taɓa yi ba, warinsa amai yake sa ta. Tarin fuka ne ya ramar da ita, jiya aka kwantar da ita a asibiti. An ce duk wanda ya zauna da ita a ɗakin nan ya je a gwada shi."