Kujerar Yumɓu

Kin zo kina kuka wai dangin mijinki sun ce ki mayar da yarinyar nan inda kika karɓo ta, tunda ta shekara huɗu ba ta zama, ba ta magana. Share hawayenki, 'yar nan, ki ji wani misali.

An yi wata maginiyar tukwane a wani gari na bakin kogi, mace mai taurin kan tsiya, Allah bai ba ta haihuwa ba. Wata rana da hantsi ta je ɗebo yumɓu, sai ta tarar da yaro ɗan shekara uku kwance a kan yashi, wuya ba ya tsayawa, hannu a dunƙule, yawu na zuba. Ta san abin da ake ciki. A garin, idan yaro ya zo a haka sai a ce ɗan ruwa ne, wai aljanun kogi sun musanya shi. Sai a kai shi bakin ruwa a ajiye, a laɓe, a jira ya rikiɗe ya zama maciji ya koma gidansu. Yaro kuwa bai zama komai ba, rana ce kawai take gasa shi, ƙudaje na bin bakinsa. Maginiya ta ajiye kwando, ta sunkuya ta goya shi. Kakar yaron ta fito daga cikin duhuwa tana ihu, "Sauke shi, ba mutum ba ne!" Maginiya ta ƙara ɗaure zani ta ce, "To in maciji ne, bayana zai sara, ba naki ba."

Kafin azahar gari ya ɗauka. Mata suka daina sayen randunanta, wai wa zai sha ruwa a randar da aka gina a gaban ɗan ruwa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta sha kuka a ɗaki, amma in ta fito ko gezau. Ta raɗa wa yaro suna Kyauta, ta riƙa kai tukwane kasuwar wani gari mai nisa, kaya a ka, shi a baya. Ba shi kunu kaɗai aiki ne, don in yana kwance sai ya ƙware, rabi ya dawo. Da ta ga haka sai ta koma ga abin da hannunta ya sani. Ta gina masa kujera kamar randar da aka yanke wa gaba, mai kauri, ta gasa ta, ta shimfiɗa tsumma a ciki, ta zaunar da shi, yumɓu ya tallabe masa baya da wuya. Ranar ce ya fara ganin tsakar gida daga zaune, ya ga kaji suna tono, ya yi dariya. Kullum takan cusa masa curin yumɓu a tafin hannu, sai da damina biyu ta wuce kafin yatsun su buɗe. In ya fi ƙarfin kujera ta gina sabuwa, ta jera tsohuwar a jikin katanga. Ban ce miki ya tashi ya yi tafiya ba, ba tatsuniya nake ba ki ba. Bai taɓa taka ƙasa ba.

To, randa ba ta dawwama. Na garin suka yi ta fashewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ake kawowa daga waje kuma ba sa sanyaya ruwa. Mata suka fara dawowa suna sunne kai, suna tsayawa daga bakin ƙofa. Maginiya ta ɗauki kujerar Kyauta ta dasa a tsakiyar tukwanen, ta ce ba ta ciniki da wadda ba ta gaida mai gidan ba. Wasu suka yi fushi suka tafi, zafin bazara ya koro su. Kujeru tara ne a jikin katanga ranar da kakar nan ta shigo, ta tsufa tukuf, tana neman randar auren jikarta. Ba yadda ta iya, ta durƙusa ta ce, "Kyauta, ina kwana?" Yaro ya karkata wuya, leɓe na rawa, ya yi ta kokawa da harshensa. Maginiya ba ta taya shi ba, ba ta kuma bari kowa ya taya shi ba. Can ya ce, "Lafiya." Tsohuwa ta zube a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Maginiya ta ce mata, "Iya, kin ji macijin naki?"

Ke ma tashi ki koma gida, ki nemi irin kujerar da yarinyarki take bukata ki gina mata, masu magana kuma ki bar su da bakinsu. Ai Hausawa sun gama zance: zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.