Ganyen Waken Babban Duhu

Malam Zaharaddeen, malami a wata sakandaren Batsari, ya buɗe rahoto mai lamba sha huɗu, tun a shafin farko gabansa ya faɗi.

Shekara ta uku ke nan wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana haɗa gasa tsakanin makarantun sakandaren Batsari da Safana. A baki aikin ba wuya: ɗalibin bayoloji ya auna tsawon ganye ɗari, ya fitar da matsakaicinsu, ya nuna tazarar da ke tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta, ya zana jadawali. Wanda ya zo na ɗaya, shi kaɗai, ƙungiyar za ta ɗauki nauyin karatunsa a jami'a. Sau biyu aka yi, sau biyun nan ɗaliban Malam Najib na Safana suka cinye.

Najib ɗin nan fa, Zaharaddeen ne ya koya masa riƙe alli lokacin da ya zo sanin makamar aiki. Yanzu shi ake kira taro Katsina, da shi masu duba makarantu suke ba da misali. In aka ambaci sunansa a ɗakin malamai, sai Zaharaddeen ya tuna yana da aji. Hassada ce, ba ta da wani suna, shi ma kuma ya sani.

Bana ya ci alwashi. Duk hutun damina, da maiɗakinsa ta kwashi yara suka tafi ganin gida, shi yana gonar makaranta da ɗalibinsa Tayyib, ana ta awon ganyen dawa. Ko da safiyar yau, 'yarsa Nazifa ta tsaya a zaure kamar mai magana a baki, ya ce ta bari sai ya dawo, ya tada babur.

Dokar gasar a fili take. Rahoto a buga shi da na'ura, babu suna, sai lamba. Malamai biyu ke duba kowane, kowa da maki hamsin a hannunsa, kuma ba ka taɓa na makarantarka. An gama na Tayyib, an rubuta a allo: tamanin da shida. Babu wanda ya kamo shi. Saura lamba sha huɗu, wanda malamin farko ya ba arba'in da biyar.

Ganyen wake ne, an auna shi a wata gona a Babban Duhu. Ya san garin, can surukansa suke. Ƙasar Safana ce dai, ƙasar Safana kuwa ta Najib ce.

Shafi na biyu ne ya ƙarasa shi. Zaharaddeen yana da wata dabara da ya ƙirƙira da kansa, yana alfahari da ita a aji da a gida har mutane sun gaji da ji. Ido maƙaryaci ne, in ji shi, kullum babban ganye yake kai hannu. Don haka ka juya wa gona baya, ka jefa hularka, shukar da ta faɗa kanta ita za ka auna, ko kana so ko ba ka so. Ga dabarar nan a rahoton, tiryan-tiryan. Sai dai an cire hula, an sa takalmi.

Wato har sata. An sauya hula da takalmi don a ɓatar da sawu! Ya ɗaga kai ya dubi Najib can ƙarshen ɗakin da ake duba rahotannin, yana ɓarar gyaɗa hankali kwance. Ji ya yi kamar ya jefe shi da rula.

Ya shiga neman kuskure. Ya sake tara lambobin ɗari ɗin nan da kansa, ya raba, amsa ta fito daidai. Jadawalin tsaf. Da ɗalibinsa ne ya yi wannan aiki, da ya zagaya gari yana nunawa, wannan kuwa shi ya fi ci masa rai.

Can a layi na sittin da biyu ya ga wani tsinannen ganye, santimita biyu kacal, alhali 'yan'uwansa duk sun haura bakwai. Mai rahoton bai jefar da shi ba. Ya fitar da matsakaici da shi, ya sake fitarwa babu shi, ya rubuta cewa ganyen da awo ya faɗa kansa ba a korarsa don ya ɓata lissafi. Haka Zaharaddeen yake koyarwa shekara goma sha bakwai.

Ya ɗauki jan biro ya rubuta a gefe: bai kamata a haɗa da wannan ganye ba. Arba'in da bakwai aikin ya cancanta. Ya yi ɗan lissafinsa a zuci, ya rubuta arba'in. Ya haɗa da makin malamin farko.

Tamanin da biyar.

Bayan sallar la'asar shugaban ƙungiya ya kira sunan Tayyib, ɗakin ya kaure da tafi. Wani sanyi ya ratsa Zaharaddeen, irin wanda ya shekara uku yana nema. Najib ne ya fara tasowa, ya miƙa masa hannu biyu.

"Barka da arziki, Malam. Wallahi na taya ka murna. Ni bana yarana duk ganyen gero suka auna, ba wanda ya taɓuka abin kirki."

Ganyen gero. Hannun Zaharaddeen yana cikin na Najib lokacin da shugaba ya yaga ambulan na biyu, ya gyara tabarau.

"Na biyu, Allah bai nufa ba, maki ɗaya ne tsakani. Lamba sha huɗu, daga makarantar 'yan mata ta Batsari: Nazifa Zaharaddeen."