Bindigar Ɗan Bala ta Gyaru

Sale maƙeri ya ja kunamar tsohuwar bindigar, ta ƙi motsi. Mutanen Cadawa sun cika ƙofar maƙera, suna jiran a gyara wa Ɗan Bala maharbi, ya je ya kashe kurar da ta ƙarar musu da awaki.

"Asiri aka yi mata," in ji Ɗan Bala. "Ba ta gyaruwa."

Sale ya kwance ƙusa biyu, ya zaƙulo ƙwallon magarya a bayan kunamar. Ya ja, ta yi ƙas! Jama'a suka kaure da kabbara.

Ɗan Bala ya matso yana gumi, ya raɗa masa: "Wa ya aike ka, Sale? Shekara ashirin ƙwallon nan yana tsare mani rai!"