Gaban Baba, Ka Sunkuyar da Kai

Irfan, ɗalibi ɗan Indiya, ya sauko daga jirgin ƙasan Paris ya tarar da budurwarsa Raliatou na jiran sa a tashar Lyon. Ita ta shirya shi wa jarrabawar baki ta shiga babbar makaranta. Ta sha fama kafin ya daina sunkuyar da kai, don Faransawa ba sa yarda da wanda bai kalle su cikin ido ba.

"Sun ɗauke ni," ya ce, yana murza tikitinsa. "Amma ba na son tarewa can ni kaɗai. Ina so in ga mahaifinki."

Ta gyara mayafinta.

"To, manta da abin da na koya maka. Gaban Baba, ka sunkuyar da kai."