Ranar da Umma Ta Gasa Bututu

Matso nan ki ji. Lokacin muna haya a Zuba, sau ɗaya a mako ake sako ruwan famfo, shi ma ba ya wuce la'asar. Ranar nan ruwa ya zo, sai bututun tsakar gida ya tsage. Ruwa yana ta bin kwata, randunanmu babu ko ɗigo, Baba kuma yana kasuwa.

Umma ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta ruga waje ta kulle ruwan, ta dawo da wuƙa da risho, ta yanke inda ya tsage.

Maƙwabciyarmu Maman Bose ta leƙo ta ce, "Maman Hauwa, ki jira oga mana. Aikin maza ne."

"Je ki gaya wa ruwan ya jira shi," in ji Umma.

Ta kara bakin bututun robar a wutar risho don ya yi laushi, sai ya ƙone ya murɗe. Wannan ƙaurin roba har yau yana hancina. Ta kalli rana, ta sake yanka, ta sake gasawa tana juya shi a hankali kamar masara. Ta cusa ɗaya bakin bututun a ciki, ta naɗe da robar keke, ta ce in je in buɗe ruwan.

Bai ɗiga ba. Na tarar tana tsotsar yatsanta da ya ƙone, tana dariya, Maman Bose kuwa har ta sa bokitinta a layi.

Ni ma yanzu da filaya nake yawo cikin gidana. Ke kina iya cin abinci famfo yana ɗiga?